LINZAMIN ƘARFE A BAKIN BUDURWA

Yau labarin kaina na kawo muku, don na ga da yawanku kuna sha'awar wayar haƙori, wasu ma kwalliya suka ɗauke ta.

Tun ina firamare haƙorana na gaba suka turo waje, leɓena ba ya iya rufe su. Da na shiga makarantar kwana kuwa sai aka laƙaba mini "Zomo". In zan yi dariya sai na kare bakina da gefen hijabi. A shekarar 2022, bayan na gama sakandare, Abba ya kai ni wurin likitan haƙori a Kano. Aka ɗauki hoton bakina, aka cire haƙora biyu don a sami fili, sannan aka manna ɗan ƙarfe a kan kowane haƙori, aka zura siririyar waya ta cikinsu.

Muna fitowa har ina cewa ashe abin ba wuya. Hmm! Dare na yi labari ya sha bamban. Washegari ko biredi na kasa gutsura, ji nake kamar ana jan haƙorana da filaya. Na fashe da kuka na ce, "Umma, don Allah a je a cire mini!" Ta ce, "Ke da bakinki kika roƙa, sai ki daure."

Da ma likita ya gaya mini cewa ciwon yakan fara bayan 'yan awoyi, ya tsananta a kwana na ɗaya da na biyu, ya lafa cikin mako guda. Dalili kuwa, wayar tura haƙori take a hankali, ƙashin da ke gabansa yana zaizayewa, sabo yana fitowa a bayansa. Shi ya sa ba a yi wa aikin gaggawa. Duk mako huɗu zuwa shida kuma sai na koma an ƙara ɗaure wayar, ciwon ya dawo na kwana biyu ko uku.

Ƙarfen ya goge mini cikin kumatu har ya yi gyambo. Wani kaki mai laushi da likita ya ba ni nake liƙawa a kai, in kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, in zafin ya yi yawa in sha farasitamol. Abincina ya koma koko, fura da nono, ayaba da tuwo miyar kuka. Rake, aya, goruba, kilishi da cingam kuwa sai dai kallo. Kakata in ta gan ni sai ta ce, "Kishiya, wannan wane irin haƙorin Makka ne babu hajji? Linzami dai aka sa miki!"

Tsokanar Kaka ba ta dame ni ba kamar ta saurayina. Ranar da ya zo zance ya ga bakina, cewa ya yi, "Wannan ai shingen waya ne." Tun daga nan ya ɗauke ƙafa. Na yi kuka har na gode Allah. Umma ta ce, "Wanda ƙarfe ya kora, da ma can ba naki ba ne."

Ni ma na yi nawa laifin. A bikin ƙawata kwaɗayi ya ja ni na tauna ƙuli-ƙuli, ƙarfe ɗaya ya ɓalle, waya ta soke ni. Likita ya ce, "'Yata, kin ƙara wa kanki kwanaki." Ga ƙyuyar goge baki da dare, alhali abinci maƙalewa yake a ƙarafan. Da aka cire su a 2024, haƙorana sun jeru reras, amma ɗaya ya yi farin tabo da har yau yana nan. Kuma ina sa wata roba da dare don kada su koma gidan jiya.

Don haka 'yar uwa, in likita ya ce kina buƙata, ki sa, ki daure, ki riƙe buroshi bayan kowane cin abinci. Amma kada ki yarda wanda ba likita ba ya ɗaura miki waya don gayu, tana iya karkatar da lafiyayyen haƙori ta lalata dasashi. Mai wushirya kuma ta gode Allah, wannan ado ne.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.