Kura: Ruwa ya iso gona, saura hanya

Duk wanda ya taɓa bin titin Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani ya san wurin da ido ke hutawa. Da ka bar cunkoson birni ka yi tafiyar kilomita 30 da 'yan kai, sai ka ga kore shar dama da hagu, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. To, ka shigo ƙasar Kura ke nan.

Kura na cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, kuma ƙidayar 2006 ta ce mutanenta sun haura 140,000. Tun kafin a san ta da shinkafa, an san ta da rini. Baƙin rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, sunanta ya ci, kuma har cikin Sahara Buzaye ke nemansa.

Abin da ya sauya garin shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ta manyan magudanai, ya rarrabu cikin ƙanana har ya isa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Shi ya sa manomi a nan ba ya zaman jiran damina: ya girbe shinkafa, ya zuba tumatir ko albasa ko alkama.

Kuma ba manomi kaɗai ke ci ba. Buhun shanshera ɗaya sai ya bi ta hannun mai yanka, da mai bugu, da matar da za ta turara, da mai injin casa, da ɗan dako, da direba. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafa 'yar gida ta yi daraja, matasa da dama suka samu abin yi.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Babban titi na gwamnatin tarayya ne, shi baƙo ke gani. Wanda manomi ke bi kullum kuwa, daga gona zuwa bakin kwalta, galibi burji ne ko turba. Damina na sauka sai ya zama taɓo, mota ta ƙi shiga, a koma babur. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko kaya ya ƙara cin ribar mai gona.

Shinkafa dai tana iya jira a buhu. Tumatir ba ya jira. In kwando ya kwana a gona saboda rashin mota, washegari dillali ne zai yanka masa farashi, manomi kuma ba shi da bakin musu. Kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa, wanda ya fara aiki a 2016, an sa masa rai sosai, sai dai ya sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir, musamman a shekarar da tsutsar nan ta cinye gonaki.

Wa ke da alhakin waɗannan ƙananan hanyoyi? Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa gyaran hanyoyin cikin gari da magudanai da kasuwanni cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Shekara da shekaru uzurin shi ne kuɗi na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Nan ne aikinmu yake, 'yan uwana matasa. Mu nawa ne muka san sunan kansilan mazaɓarmu? Mu nawa muka taɓa tambayar nawa ya shigo a wata, kuma me aka yi da shi? Wayar da muke ɗaukar hoton biki da ita za ta iya ɗaukar hoton kwalbatin da ya karye, a rubuta sunan ƙauyen da ranar, a kai wa kansila a rubuce, a kuma ajiye kwafi. In an gyara mu yaba, in ba a gyara ba mu sake komawa, kafin tumatirin bana ya nuna.