Yadda Ake Ɗauko Aikon Ba Tare da Farin Akwati Ba

Idan ka kunna kwamfuta, abu na farko da idonka zai faɗa a kai shi ne wasu ƙananan hotuna da ke jere a fuskarta. Akwai mai kama da kwandon shara, akwai mai kama da jakar takardu, akwai kuma mai siffar da'ira ko harafi. Kowane ɗaya daga cikinsu ana kiransa aikon. Kalmar aro ce daga Ingilishi, shi kuma Ingilishi ya aro ta daga Girkanci, inda take nufin siffa ko kamanni.

A ce malaminku ya ba ka aikin shirya takardar da za a manna a ɗakin kwamfuta, domin 'yan aji ɗaya su san aikin kowane aikon. Ka buɗe manhajar gyaran hoto, ka shafe shafin da shuɗi mai kyau, ka ɗauko aikon kwandon shara ka ɗora a kai. Sai ga kwandon zaune cikin wani farin akwati mai kusurwa huɗu, ko ma baƙi ƙirin, alhali a fuskar kwamfuta babu wannan akwati. Aikin ya yi muni, ga shi gobe za a karɓa. Daga ina akwatin ya fito? Amsar tana cikin yadda kwamfuta take ajiye hoto.

Kowane hoto mai kusurwa huɗu ne

A wurin kwamfuta, hoto tarin ƙananan ɗige-ɗige ne da aka jera layi-layi, kamar tubala a jikin bango. Kowane ɗigo sunansa fiksel. Tun da layukan duk tsawonsu ɗaya ne, dole hoton ya fito da kusurwa huɗu, ko da abin da aka zana a ciki da'ira ne. Aikon ɗin kwamfutar Macintosh ta shekarar 1984, waɗanda wata mai zane Susan Kare ta tsara, suna da ɗigo 32 a tsaye, 32 a kwance, wato ɗigo 1,024, kuma fari da baƙi kawai ne. Na yau sun fi girma nesa ba kusa ba. Tun daga Windows Vista ake samun mai ɗigo 256 a kowane gefe, wato 65,536 gaba ɗaya.

Ke nan akwatin da ya ɓata maka aiki yana nan tun asali. Abin da ya faru shi ne, a da an umarci ɗige-ɗigen da ke kewaye da kwandon su bar abin da ke bayansu ya bayyana, yanzu kuma umarnin ya ɓace a hanya.

Ka san kalmar "shara-shara"? Bahaushe yana cewa mayafi shara-shara ne idan ana iya hango abin da ke bayansa. Gidan sauro ma shara-shara ne. Bango kuwa ba ya nuna komai na bayansa, gilashin taga kuma yana nuna duka. Da wannan kalma za mu yi amfani a nan: ɗigo yana iya zama kamar bango, ko kamar gilashi, ko wani abu tsakani kamar mayafi.

Lamba ta huɗu

Kwamfuta tana bayyana launin kowane ɗigo da lambobi uku: yawan ja, yawan kore da yawan shuɗi. Kowace lamba tana farawa daga 0 ta tsaya a 255. Idan duka ukun 255 ne, ɗigon fari ne. Idan duka 0 ne, baƙi ne. Ja tsantsa kuwa shi ne 255, 0, 0.

A aikon na zamani akwai lamba ta huɗu, wadda ake kira alfa. Ita ba launi take nunawa ba, tana faɗin yadda ɗigon yake tare abin da ke bayansa. Alfa 255 na nufin ɗigon ya tare komai, kamar bango. Alfa 0 na nufin ɗigon ba ya ganuwa sam, kamar gilashi. Abin da ke tsakani shi ne mayafi, mai kauri ko marar kauri. Masana biyu a Amurka, Alvy Ray Smith da Ed Catmull, su ne suka fito da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970. A 1984 kuma Thomas Porter da Tom Duff, ma'aikatan kamfanin fim na Lucasfilm, suka wallafa lissafin haɗa hoto da hoto da har yau ake aiki da shi.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗauki jan ɗigo mai alfa 128, wato kusan rabi. Kwamfuta za ta ɗebi rabin launinsa ta gauraya da rabin launin bayansa. A kan fari, sakamakon zai zama kusan 255, 128, 128, wato ruwan hoda. A kan baƙi zai zama 128, 0, 0, wato ja mai duhu. Ɗigo ɗaya ne, amma ya ba da launi biyu, domin bayansa ya bambanta.

Me ya sa ake buƙatar rabi-rabi? Ashe gilashi da bango ba su isa ba? A da da su kaɗai ake aiki. Tsofaffin aikon na Windows suna ɗauke da hoto biyu: ɗaya mai launi, ɗaya kuma mai cewa "nuna" ko "ɓoye" ga kowane ɗigo. Wannan na biyu ya yi kama da kwalin da masu rubutun allon talla suke yanke haruffa a jikinsa, su ɗora a bango, su fesa fenti. Inda aka huda fenti ya wuce, inda ba a huda ba bai wuce ba. Matsalar ita ce, idan ka zana da'ira da tubala, gefenta zai fito kamar matakala. Domin gefen ya yi sumul, sai a sa ɗige-ɗigen bakin da'irar su zama shara-shara, su narke cikin duk launin da ke bayansu. Haka ma inuwar da kake gani a ƙarƙashin wasu aikon: baƙi ne mai ƙaramin alfa. Windows XP, wadda ta fito a 2001, ita ce ta kawo cikakken alfa cikin aikon ɗin Windows.

Inda alfa take ɓacewa

Hanyar da ɗalibai suka fi bi ita ce ɗaukar hoton fuskar kwamfuta, sannan su yanko aikon daga ciki. Ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce mafi ɓarna. Abin da ke fuskar kwamfuta sakamako ne: an riga an yi lissafin, an gauraya aikon da hoton bayansa. Hoton da ka ɗauka lambobi uku kawai yake da su. Ka tuna da ɗigonmu mai ruwan hoda. Wanda ya gan shi a haka ba zai iya sanin ko asalinsa ja ne mai rabin alfa a kan fari, ko kuwa ruwan hoda ne tun farko ba. Idan sukari ya narke a shayi, cokali ba ya tsamo shi.

Za ka iya cewa, "To, sai in goge bayan da hannu." Manhajojin gyaran hoto suna da abin zaɓar launi ɗaya a goge shi. Gwada ka gani. Tsakiyar farin zai tafi, amma ɗige-ɗigen gefe, waɗanda suka riga suka sha fari, za su tsaya. Idan ka ɗora aikon a kan shuɗi, sai ka ga wani siririn farin zobe ya kewaye shi. Daga nesa ba a cika lura ba, amma idan aka buga takardar babba, kowa zai gani.

Hanya ta biyu ita ce kwafa da liƙawa. Idan ka kwafi hoto, kwamfuta tana riƙe shi a ma'ajiyar wucin gadi, kuma ba kowace manhaja ce take miƙa alfa ta wannan hanya ba. Sau da yawa baƙin akwati daga nan yake fitowa. Ɗige-ɗigen da ba a gani su ma suna da lambobin launi, galibi 0, 0, 0. Da zarar alfa ta faɗi, sai baƙin da ke ɓoye ya fito fili.

Hanya ta uku ita ce nau'in fayil ɗin da ka adana aikinka a ciki. JPEG, wanda aka tsara a 1992 domin hotunan kyamara, ba shi da wurin ajiye alfa ko kaɗan. GIF yana yarda a ɓoye launi ɗaya, amma bai san rabi-rabi ba, ya tsaya a zamanin kwalin fenti. PNG, wanda ya fito a 1996, shi ne yake riƙe alfa cikakkiya. Kuma sauya sunan fayil daga JPEG zuwa PNG ba ya dawo da abin da ya riga ya ɓace.

Hanyar da ta dace

Ka nemi fayil ɗin aikon na asali. A Windows sunansa yakan ƙare da ICO, a Mac da ICNS. A Linux an huta, domin yawancinsu suna nan a jaka ɗaya a matsayin PNG ko SVG. Wani lokaci a Windows aikon yana cikin fayil ɗin manhajar kanta, mai ƙarewa da EXE ko DLL. Idan aikon mai 'yar kibiya ne a kusurwa, danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties, sannan Change Icon. A nan za ka ga inda yake zaune. Manhajar 7-Zip, wadda kyauta ce, tana iya buɗe irin waɗannan fayiloli ka ciro aikon daga ciki. Ka kwafo kawai, kada ka goge ko ka sauya komai a wurin, musamman a kwamfutar makaranta. (Ita kibiyar ba ta cikin zanen. Windows ce take ɗora ta a kai, don haka ba za ka gan ta a fayil na asali ba.)

Mai amfani da Mac yana da gajeriyar hanya. Ya zaɓi Get Info, ya danna ƙaramin aikon da ke saman tagar, ya kwafa, sannan ya buɗe Preview ya zaɓi New from Clipboard. A nan kwafa da liƙawa ba ta zubar da alfa.

Sai ka buɗe fayil ɗin a manhajar da ta san alfa. GIMP, wadda ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley suka fara rubutawa a 1995, kyauta ce, kuma tana buɗe ICO kai tsaye. Kada ka yi mamaki idan ka ga aikon ya fito sau da yawa. Fayil ɗaya yakan ƙunshi girma daban-daban, kamar 16, 32, 48 da 256, kuma GIMP tana sa kowanne a fallensa. Falle a nan kamar takardar roba ce mai haske da ake jibga wata a kan wata. Zaɓi mafi girma, ka cire sauran. Babban hoto idan aka rage shi yana nan da kyansa, ƙarami kuwa idan aka ja shi sai ya dushe.

Yanzu dubi bayan aikon. Idan ka ga ƙananan murabba'ai masu ruwan toka, wasu da haske wasu da duhu, to alfa tana nan. Waɗannan murabba'ai ba sa cikin hoton, alama ce da manhajar take nuna maka cewa wurin gilashi ne. Sai dai ka yi hattara da wasu hotuna na intanet da aka zana musu murabba'an a jiki. Suna kama da masu alfa, amma idan ka ɗora su a kan shuɗi, murabba'an za su biyo su.

Idan kana goge wani wuri sai ka ga fari yana fitowa maimakon murabba'ai, to fallen ba shi da alfa. A GIMP sai ka shiga Layer, sannan Transparency, ka zaɓi Add Alpha Channel. A Photoshop kuma, fallen ƙasa mai suna Background a kulle yake, sai ka mai da shi falle na yau da kullum. Tsohuwar manhajar Paint ba ta dace da wannan aiki ba, ko da yake a 2023 an ƙara wa ta Windows 11 falle da alfa. Idan ka gama, zaɓi Export As, ka fitar da hoton a matsayin PNG.

Idan fayil na asali ya gagara samu fa? Akwai dabara, kuma daga lissafinmu na baya ta fito. Mai da bayan fuskar kwamfuta fari ka ɗauki hoto, sannan ka mai da shi baƙi ka sake ɗauka. Ɗigon da bai canja ba a hotunan biyu, bango ne. Wanda ya tashi daga 255 zuwa 0, gilashi ne. Ɗigonmu ja, wanda korensa ya tashi daga 128 zuwa 0, rabi ne. Da wannan bambanci ake sake lissafa alfa. Aiki ne mai cin lokaci, a bar shi sai an rasa yadda za a yi.

Kafin ka miƙa aikinka, sa baƙin falle a ƙarƙashin aikon, ka ƙara girman hoton ka duba gefensa, sannan ka sake gwadawa da fari. Farin zobe a kan baƙi yake tonuwa, baƙi kuma a kan fari. Idan kuma za ka aika wa abokin aikinka fayil ɗin ta WhatsApp, aika shi a matsayin takarda. Idan ka aika shi a matsayin hoto, manhajar takan matse shi ta mai da shi JPEG, sai ya isa wurinsa cikin akwati.