Idan Maciji Ya Yi Sara: Amfanin Hoto da Iyakarsa



Da zarar ruwan farko ya sauka macizai kan fito, daidai lokacin da manomi ke shiga gona, mata ke tsintar kaɗanya tun da asuba, makiyayi ke ratsa ciyawa da shanunsa. Sai kuma kaka, sa'ad da ake ɗaga dammunan dawa da tarin gyaɗa da hannu. A waɗannan lokuta biyu aka fi kawo mana waɗanda maciji ya sara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, kuma a 2017 ta sanya shi cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Kun san abin da aka saba. Da an ji ihu, sai maza su ɗauki sanduna su bi macijin, wai a kashe shi a kai wa likita ya gani. Niyyar mai kyau ce, amma ɓarnarta ta fi amfaninta. Macijin da aka rutsa yakan sake sara, sai majinyaci ɗaya ya zama biyu. Wanda aka sara kuwa yana zaune yana jiran a gama farauta, dafi na tafiya cikin jikinsa. Ko an kashe shi ba a tsira ba, domin kan maciji na iya cizo ya zuba dafi bayan an raba shi da jikinsa. Sau da yawa ma gawar kan iso mana a dagargaje, babu mai iya gane zanen bayanta.

Wayar da ke aljihunku ta raba ku da wannan wahala. Idan macijin yana fili, kuma akwai wani babba a wurin wanda ba shi ke riƙe da majinyaci ba, to ya tsaya nesa, aƙalla mita uku, wato kamar taku biyar. Ya matso da hoton da yatsunsa a fuskar wayar, kada ya matsa da ƙafarsa. Kada ya durƙusa, kada ya tsokane shi da sanda don ya miƙe. Abin da ake so a gani shi ne tsawon jiki, da zanen baya, da siffar kai idan ta samu. Hoto ɗaya ko biyu ya isa. Idan ya shige rami ko ƙarƙashin rumbu, ku ƙyale shi. A riƙe launinsa da girmansa a ka, a faɗa mana da baki. Yaro kuwa ba a ba shi wannan aiki ko kaɗan.

Wataƙila kun taɓa ganin hotunan macijin hamada mai ƙaho a waya, wanda ke binne jikinsa cikin rairayin Sahara ya bar idanunsa waje, har ka ce mai hoton ya kai hancinsa kusa. Ba haka ba ne. Masu wannan sana'a suna amfani da kyamara mai dogon baki da ke jawo abu daga nesa, ga takalma masu kauri, duk da haka akan sare su. Kada samari su kwaikwaye su don neman a yaba musu a Facebook.

Me ya sa muke son hoton? Domin dafin macizan ƙasarmu ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin wanda ya yi saran yana nuna mana abin da za mu sa wa ido.

Wadda ta fi kashe mutane a wannan yanki, daga arewacin Gana da Togo da Benin har zuwa Kaltungo a Nijeriya, inda akwai asibiti na musamman don saran maciji, ita ce kububuwa. Ƙarama ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da 'yan kai, launinta na ƙasa, da ɗigo-ɗigon fari a jikinta. Idan ta ji motsi takan naɗe ta goga ɓawon jikinta da juna, ta yi wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa. A nan haɗarin yake: mutum zai iya tashi ya ci tuwo, ya ce ya samu sauƙi, sai bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita daga dasashi, ko a fitsari, ko daga tsohon miki. Yakan zuba a cikin ciki ko ƙwaƙwalwa inda ido ba ya gani. Ba banza ba ake mata laƙabi da gobe da nisa. Don haka duk wanda ya ce muku ku jira a ga yadda za ta kasance, kada ku saurare shi.

Kasa kuwa kowa ya san ta, ƙatuwa mai faɗin kai, ba ta gudu, sai an taka ta. Saranta na kawo kumburi mai tsanani da ruɓewar nama. Gamsheƙa takan fasa kai, tana shiga gidaje da dare neman ɓera da ƙwai, ta sari mai barci a ƙasa. Kwana cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa yana kare wannan. Akwai irinta mai tofi, wadda ke kai dafi ido daga nisan mita biyu ko fiye, dalilin da ya sa muka ce taku biyar ke nan. Wanda ta tofa wa a wanke masa ido nan take da ruwa mai yawa, a daɗe ana zubawa, sannan a kawo shi.

Amma ku fahimce ni da kyau: ba ma jiran hoto kafin mu fara aiki. Jikin majinyaci shi ne babban shaida. Mukan ɗebi jini kaɗan mu zuba cikin busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, mu ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, mun san dafi irin na kububuwa ya shiga, ko da babu wanda ya ga macijin. Hoton da ya jinkirta tafiya da minti goma ya yi cuta, bai yi magani ba.

Akwai hoto na biyu wanda, a ganina, ya fi na macijin daraja, kuma babu haɗari a ɗaukarsa. Ku zana layi da biro a iyakar kumburin, ku ɗauki hoton wurin. Wayar da kanta za ta riƙe lokacin. Bayan rabin awa ku sake. Da waɗannan za mu gane saurin hawan kumburin. Idan kuna da lambar ma'aikacin lafiya, ku tura masa ta WhatsApp kuna kan hanya, ya shirya, ko ya gaya muku ku wuce babban asibitin Dapaong kai tsaye idan ba shi da allurar kashe dafi a hannu. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a 2022 tafiyar dare ta ƙara wuya, saboda haka ku nemi lambar tun yau, ku kuma san wanda zai ba da babur. Ku mayar da waya aljihu idan kun iso shingen sojoji.

Kafin a tashi, a cire zobe da awarwaro da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura. A ɗora wa ƙafar ko hannun kara ko katako kamar mai karaya, don kada ya riƙa motsi, kuma kada majinyaci ya taka da ƙafarsa. A babur a sa shi tsakiyar mutum biyu. Ba a ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba, wannan ne ke jawo yanke ƙafa. Ba a tsaga, domin jinin da ba ya daskarewa ba zai tsaya ba. Ba a tsotsa. Baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe dafin da ya riga ya shiga jini. Don zogi a ba da farasitamol kaɗai. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini. Addu'a a yi ta a kan hanya.

Ku 'yan kasuwa masu zirga-zirga tsakanin Cinkassé da Dapaong da Sokode, wata rana za a yi muku tallar kwalbar maganin dafi da araha. Kada ku saya. Wasu an yi su ne da dafin macizan Indiya, ba su da tasiri a kan kububuwarmu. An gani a wani asibitin karkara a Gana: da aka sauya zuwa irin wannan magani, masu mutuwa suka tashi daga kusan 2 cikin 100 zuwa 12 cikin 100. Ko na ƙwarai ma ta jijiya ake ba da shi, ma'aikaci na tsaye a kai, domin jikin wasu kan ƙi shi cikin 'yan mintuna, sai an yi gaggawar ba da wata allura. Bayan an sallame ku, idan aka ga jini a baki ko a fitsari cikin makon, a dawo da majinyaci a ranar.