Ferobskait: Siririn Shafe Mai Mayar da Hasken Rana Lantarki

Akasarin farantan sola da ake gani a kan rufin gidaje da silikon ake ƙera su, shi kuwa silikon ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,400. Wannan ne ya sa masana kimiyya suka daɗe suna neman abin da zai yi aikinsa ba tare da cin wuta mai yawa ba. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne ferobskait.

Sunan ya samo asali ne daga wani ma'adini da Gustav Rose ya gano a 1839 cikin duwatsun Ural na Rasha. Amma wanda ake sa wa a sola haɗa shi ake yi a ɗakin bincike. Tsarin lu'ulu'unsu ne kawai ya zo ɗaya.

Ga yadda ake yin shafen. Da farko akan narkar da gishirin dalma da aidin tare da wani gishirin cikin ruwan sinadari. Sai a ɗiga haɗin a kan gilashi, a juya gilashin da inji sau dubbai a minti guda, har ruwan ya bazu ko'ina daidai. Ana cikin juyawa sai a zuba wani ruwan da gishirin ba ya narkewa a cikinsa, nan take lu'ulu'u ya fara fitowa. Daga nan a gasa a zafin digiri 100, shafen ya rikiɗe ya koma baƙi. Gashin kai ya fi shi kauri fiye da sau ɗari.

A nan gizo ke saƙa. Idan aka yi jinkiri ko gaggawa wajen zuba ruwa na biyu, ko da na 'yan daƙiƙoƙi ne, shafen kan fito da ƙananan ramuka, lantarkin ya zurare ta cikinsu.

A 2009 Tsutomu Miyasaka na Jafan ya sami kashi 3.8 cikin ɗari na ƙarfin hasken da ya sauka. Kyautata shafen ya taimaka adadin ya wuce kashi 26, kuma idan aka ɗora shi a kan silikon yana haura 33.

Sai dai da sauran rina a kaba. Laima da zafi suna lalata ferobskait, alhali farantin silikon yakan yi shekara 25 yana aiki. Dalma kuma guba ce, dole a killace ta. Ranar da aka shawo kan waɗannan matsaloli biyu, ƙasashe masu yalwar rana za su sami lantarki cikin rahusa.