Ƙera bindigar ƙanƙara a Amurka

Ƙera bindigar ƙanƙara aikin hannu ne da wasu mutane a Amurka suke yi don sha'awa, inda suke haɗa bindigogi irin na ƙarni na 18 waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Irin wadda aka fi ƙerawa ita ce doguwar bindigar Pennsylvania, wadda ake kuma kira bindigar Kentucky. Yadda ake ɗura ta ya yi kama da na bindigar toka da mafarauta suka sani a ƙasar Hausa.

Tarihi

Maƙera 'yan asalin Jamus da suka zauna a yankin Lancaster na Pennsylvania ne suka fara ƙera wannan bindiga a farkon ƙarni na 18. Sun tsawaita bututunta har ya kai kimanin mita ɗaya, kuma cikinsa yana da tsagi mai murɗewa wanda yake juya harsashi don ya tafi saiti. Bayan da bindigogi masu ɗaukar harsashi ta baya suka yaɗu a ƙarni na 19, sana'ar ta kusa ɓacewa.

A shekarar 1933 aka kafa ƙungiyar National Muzzle Loading Rifle Association, wadda hedkwatarta take garin Friendship a jihar Indiana, inda ake gasar harbi ta ƙasa a watannin Yuni da Satumba. A 1969 gidan tarihin Colonial Williamsburg ya fitar da fim da ya nuna maƙeri Wallace Gusler yana ƙera bindiga da kayan aikin dā, tun daga ɗanyen ƙarfe da itace. Wannan fim ya jawo mutane da yawa zuwa ga sana'ar.

Yadda ake aikin

Mafi yawan masu sha'awar ba sa ƙera bututu da kansu. Sukan sayi bututu da kunama da sashen tayar da wuta daga kamfanoni, sannan su sassaƙa ƙota, galibi da itacen maple. Aiki mafi wuya shi ne fafe itacen yadda ƙarfe zai zauna daram. Maƙerin yakan shafa baƙin hayaƙi a jikin ƙarfen, ya danna shi a kan itacen, ya kankare wurin da baƙin ya taɓa, ya yi ta maimaitawa. Daga nan sai ado: zane a kan ƙota da ɗan akwatin tagulla da ake sakawa a gindinta. Kowane yanki yana da salonsa, kamar na Lancaster da na Lehigh, kuma masana kan gane su da ido.

Matsaloli da gyaransu

Idan an ja kunama, ƙanƙara takan bugi ƙarfe, tartsatsi ya kunna ɗan albarushin da ke cikin ƙaramin kasko, wutar ta bi ta wata 'yar kafa zuwa cikin bututu. Yawancin matsaloli daga nan suke tasowa. Ƙanƙara da ta dakushe ba ta ba da tartsatsi. Idan kafar ta toshe, kaskon yakan yi walƙiya bindigar ba ta tashi ba. Laima kuwa takan jinkirta tashin wuta, don haka ake ci gaba da nuna bakin bindigar inda ba kowa na ɗan lokaci. Tokar albarushi tana jan laima ta kawo tsatsa, shi ya sa ake wanke bututu da ruwa bayan harbi, a busar, a shafa mai.

Babban haɗari shi ne zuba albarushin zamani marar hayaƙi, domin ƙarfinsa yana iya fasa bututun ya raunata mai harbi. Haka ma idan harsashi bai sauka ya zauna a kan albarushi ba.

Doka

Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta ware bindigogin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da kwaikwayonsu masu ƙanƙara, a matsayin kayan tarihi, amma wasu jihohi suna da ƙa'idoji masu tsauri. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi ga mai ƙera bindigar toka, ta kuma ba da damar a wajabta shi ga mai riƙe ta.