Ɗan Kokawa da Ƙaton Layin Gaba a Ƙwallon Kanada

In kaka ta yi, samarin da ke lodin doya da buhunan riɗi a Shabu, kan hanyar Lafiya zuwa Akwanga, abin kallo ne: wuya kauri, ƙirji faɗi, ƙafa a kafe. A wurinmu mai irin wannan ƙira fagen kokawa ake nuna masa. A Kanada kuwa layin gaba za a sa shi, a ƙwallonsu ta hannu mai kwalkwali.

Aikin ɗan layin gaba kokawa ce zalla. Kowane ɓangare mutum 12 ne, ana jera ƙartin fuska da fuska, yadi ɗaya tsakani. Da an miƙa ƙwallo sai karo. Mutum biyar ke kare mai jifa, kowannensu ya kan kai kilo 130. Sirrin shi ne wanda kowane ɗan kokawa ya sani: ka sunkuya ƙasa da abokin karawarka, ka riga shi sa hannu a ƙirji, kada ka harɗe ƙafafunka. Sai dai ɗan layin gaba an hana shi riƙo, kuma a ƙa'ida ba a jefa masa ƙwallo ya cafe.

Ta fuskar suna ɗan kokawa ya yi masa nisa. Shi kaɗai yake shiga fage, da layunsa, makaɗa na zuga shi, ya yi kirari, in ya yi kaye a yi masa kari nan take. A Nijar tun 1975 ake gasar takobi, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa a Tawa, kuma yau ko yaro ya san Isaka Isaka na Doso. Ɗan layin gaba kuwa sai ya yi laifi alƙalin wasa ke kiran lambarsa. Chris Walby ya yi wa Winnipeg Blue Bombers wasa daga 1981 zuwa 1996, ya ci kofin Grey na gasar Kanada sau uku, amma masu jifa da masu gudu aka fi yi wa tafi.

To amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da gwiwa ta gaji, domin duka sana'o'in biyu cin jiki suke. Gasar Kanada ƙungiyoyi tara ce, wasa 18 a shekara, kowane ɗan wasa da kwantaragi a rubuce da likita a gefen fili. Tun 1965 suke da ƙungiyar ƙwadago mai yi musu cinikin albashi da fansho. Yawancinsu ma ta jami'a suka biyo. Israel Idonije, haifaffen Legas a 1980, a Jami'ar Manitoba ya goge, Ottawa Renegades ta zaɓe shi a 2003, shi kuma ya nufi Amurka ya yi shekaru a Chicago Bears.

Namu in ya gurɗe, mai ɗori ne da aljihun 'yan'uwa. Kuɗin kari kuma ba ya kai damina.

Ba na so a raba kokawa da ganga da kirari, su ne ranta. Abin da nake so a aro shi ne rajista, da inshorar rauni, da hanyar da za ta haɗa fage da makaranta. Jami'ar Jihar Nasarawa tana da tsangayar aikin gona a nan Shabu, kuma filin da zai ɗauki gasar kokawa ta ɗalibai da samarin gari bayan girbi ba zai gagare ta ba.