Nwankwo Kanu da Ciwon Zuciyarsa: Gaskiya da Ƙarya a Saƙon da Ke Yawo

An haifi Nwankwo Kanu a Owerri, Jihar Imo, ranar 1 ga Agusta, 1976. Duniya ta fara saninsa a 1993, lokacin da matasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 17 suka ci kofin duniya a Japan bayan sun doke Ghana a wasan ƙarshe. A shekarar ya bar Iwuanyanwu Nationale ya koma Ajax ta ƙasar Holan, inda ya ɗaga kofin Zakarun Turai a 1995. Daga nan ya yi wasa a Inter Milan da Arsenal da West Brom da Portsmouth, ya kuma zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau biyu, a 1996 da 1999.

A 'yan kwanakin nan wani dogon saƙo game da shi yana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwa da tsofaffin 'yan makaranta. Wanda ya tsara shi ya san abin da yake yi: ya fara da gaskiyar da kowa ya sani, domin idan aka zo kan ƙaryar a haɗiye ta ba tauna.

Gaskiya ne cewa a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 Birazil tana gaban Najeriya da ci 3 da 1, Victor Ikpeba ya rage ɗaya, Kanu ya farke a mintin ƙarshe, sannan ya zura ƙwallon zinare da ta kai Najeriya wasan ƙarshe, inda ta doke Ajantina 3 da 2. Gaskiya ne kuma cewa a Oktoban 1999 ya ci Chelsea ƙwallo uku cikin kusan minti 15 bayan Arsenal tana baya da ci biyu, kuma shi ne ya ci wa Portsmouth ƙwallo tilo da ta ba ta kofin FA a 2008.

Ƙananan ƙarairayin ba su buƙatar dogon bayani. Kanu bai taɓa cin kofin Afirka ba. A 2000 ya kai wasan ƙarshe a Legas, Kamaru ta yi nasara a bugun fenareti. Shi da Nnamdi Kanu na ƙungiyar IPOB suna kawai suka haɗa, ba wa da ƙani ba ne. Batun rage shekaru kuwa tsohuwar magana ce da ake yi wa 'yan ƙwallon Afirka da yawa, kuma saƙon bai kawo takarda ko ɗaya da ta saɓa wa 1976 ba.

Maganar da ke da haɗari tana can ƙasa. Saƙon ya ce likitocin Turai sun sallami Kanu ya koma gida ya jira ajali, wai wani mai magani ya haɗa masa jiƙon saiwoyi ya warke ba tare da an taɓa ƙirjinsa da wuƙa ba. Ya ƙare da jan kunnen iyaye kada su bari a yi wa 'ya'yansu tiyatar zuciya, sannan ga lambar wayar mai sayar da jiƙon.

Wannan ƙarya ce, kuma hujja a kanta ba ta da wuyar samu. Bayan gasar Olamfik, gwajin lafiya a Inter Milan ya gano matsala a bawul ɗin da ke bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciyarsa. Likitocin Italiya sun hana shi wasa, wannan ya faru. Amma abin da ya biyo baya shi ne tafiya Amurka, inda aka yi masa tiyatar zuciya a Cleveland Clinic ta Jihar Ohio a Nuwamban 1996. Ya koma kulob ɗinsa a 1997, ya koma Arsenal a farkon 1999. Duk ƙwallayen da saƙon yake kirari da su a Ingila, bayan tiyatar aka ci su. A 2014 ma an sake yi masa wani aikin zuciya a Amurka.

Babbar hujja ita ce abin da Kanu ya yi da dukiyarsa da sunansa. A 2000 ya kafa gidauniyar Kanu Heart Foundation, wadda aikinta shi ne biyan kuɗin tiyatar zuciya ga marasa galihu, musamman yara. Ta ɗauki nauyin ɗaruruwa, da yawansu a asibitocin waje irin na Indiya. Mutumin da jiƙo ya warkar ba zai shafe fiye da shekara ashirin yana tara kuɗin kai yara ɗakin tiyata ba.

Yadda zuciya take aiki ma ya isa ya ƙaryata maganar. Tana da bawul huɗu, kowanne kamar ƙyauren ƙofa da ke buɗewa gefe ɗaya: jini ya wuce, ya rufe kada ya dawo. Idan ƙyauren ya ƙuntace ko ba ya rufuwa daidai, zuciya tana yin aiki fiye da ƙima har ta kumbura ta gaji. Wannan lalacewar gini ce a jikin bawul ɗin kansa. Ko ƙwayoyin asibiti iyakarsu su rage kumburi da haki. Idan lalacewar ta yi tsanani, sai an gyara bawul ɗin ko an sauya shi. Ƙarfin jiki kuma ba shaidar lafiyar zuciya ba ne. Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas a 1989 ana wasa da Angola, Marc-Vivien Foé na Kamaru ya rasu haka a Lyon a 2003, dukansu saboda zuciya.

Waɗanda suka gaskata saƙon ba wawaye ba ne. Uban da aka gaya wa kuɗin tiyata ya kai miliyoyin naira, da uwar da ke fargabar a buɗe ƙirjin ɗanta, duk wanda ya nuna musu hanya mai sauƙi za su saurare shi. Laifin yana kan wanda ya ari sunan Kanu don kasuwarsa ta yi armashi, da mai ilimin da ya tura saƙon zaure biyar bai tsaya ya bincika ba. Watannin da aka ɓata ana shan jiƙo su ne watannin da zuciyar yaro take ƙara lalacewa, wani lokaci har ta wuce matakin da tiyata za ta yi amfani.

A ƙasar Hausa, ban da yaran da aka haifa da huda ko nakasa a zuciya, akwai lalacewar bawul da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a magance ba. Wannan ana iya tare shi da maganin fenisilin tun da wuri, wanda ya riga ya kamu kuma ana yi masa allura a kai a kai don kada ya ƙaru. Yaron da ke haki idan ya yi ɗan gudu, ko leɓensa ke yin shuɗi, ko ƙafafunsa ke kumbura, ko jaririn da ke gumi da gajiya wajen shan mama, yana buƙatar likita ya saurari ƙirjinsa a kuma ɗauki hoton zuciyar. Ba kowace matsala ce ke kai wa ga tiyata ba, wasu ƙananan hudoji ma suna rufewa da kansu, amma hoton ne yake bambance wadda za a jira da wadda ba ta jira.